Bawul ɗin EGR: tambayoyin da direbobi ke kawo mini a Magazin, da amsoshinsu

Garejinmu yana cikin Suame Magazin, unguwar makanikai da ke nan Kumasi a Gana, kuma da wuya mako ya wuce ba a shigo mini da mota ana cewa, "Masta, an sa mata na'ura, an ce EGR ne, nawa za a sayo?" Wasu ma da bawul ɗin a leda suke zuwa, sun riga sun biya kuɗi. Tambayoyin nan daga bakin 'yan tasi da direbobin torotoro (ƙananan bas na haya) da masu motar gida na Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo na tsinto su. Na tara su wuri ɗaya ko bakina ya huta.

Wai mene ne EGR ɗin nan, kuma me yake yi a mota?

Wata ƙaramar ƙofa ce tsakanin hanyar hayaƙi da hanyar da iska ke shiga injin. In ta buɗe, sai wani ɓangare na hayaƙin da ya kamata ya fice ta salansa ya komo cikin injin, ya gauraya da sabuwar iska. Na san abin da za ka ce: wane mai hankali ne zai mayar wa injin da hayaƙinsa? Dalilin shi ne zafi. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin. A haka kawai ba sa haɗuwa, amma in wutar cikin silinda ta kai wajen digiri 1,370 na Salsiyos sai su haɗu su zama gubar da ake kira NOx, mai cutar huhu, mai tayar wa masu asma ciwonsu. Shi kuwa hayaƙin da aka mayar ya riga ya ƙone, ba zai sake kamawa ba. Aikinsa kawai ya cike wuri, wutar ta yi sauƙi.

A Amurka aka fara sa shi a motoci a farkon shekarun 1970, lokacin da aka tsananta dokar hayaƙi. A injin fetur abin da ake mayarwa kaɗan ne, tsakanin kashi 5 zuwa 15 na abin da ke shiga silinda. A dizal yana iya kaiwa kusan rabi idan motar ba ta jan nauyi. Ka riƙe wannan, don za mu dawo kansa: a injin fetur, bawul ɗin a rufe yake zama idan injin na da sanyi, ko yana silo (yana kunne ba a taka totur ba), ko ka taka totur har ƙasa. A tsakiyar tafiya yake buɗewa.

Kowace mota tana da shi?

A'a. Wata Hajiya ta taɓa zuwa da Corolla mai injin 1ZZ, an rubuta mata a takarda ta je ta sayo EGR. Na buɗe bonet na ce, "Hajiya, ki mayar da kuɗinki jaka, wannan injin ba shi da bawul ɗin da za a canja." Injina da yawa masu VVT-i da kansu suke riƙe ɗan hayaƙi a cikin silinda ta hanyar sauya lokacin buɗe bawul-bawul ɗinsu, ba sa buƙatar na waje. Matsalarta kwayil ne ɗaya da ya mutu.

Vitz mai injin 1KR, mai silinda uku, tana da shi. Prius daga 2010 tana da shi, har da kularsa mai sanyaya hayaƙin. Motocin dizal na zamani kuwa, Sprinter, da Hilux da Hiace masu injin D-4D na Toyota, kusan duk suna da shi. Kafin kowa ya ce maka EGR ne, ka ce ya nuna maka shi da yatsa a jikin injin.

Da me zan gane ya lalace?

Ya danganta da yadda ya maƙale. In a buɗe ya maƙale, hayaƙi na shiga a lokacin da ba a gayyace shi ba. Motar sai ta riƙa karkarwa a silo, sitiyari na rawa a hannunka, ta mutu a danja ko a cunkoson Kejetia, ta yi wuyar tashi, ta ci mai, ka ji warin fetur a salansa. Amma da ka hau titi ka ba ta wuta sai ta daidaita, kamar ba ita ba.

In a rufe ya maƙale, ko hanyarsa ta toshe, silo lafiya lau. Sai a hawan tudu ko da kaya za ka ji injin na wata ƙara kas-kas-kas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Fetur ne ke fashewa ba a kan lokacinsa ba saboda zafi. Direbobi da yawa gidan mai suke zagi a kan wannan ƙarar.

A dizal abin ya fi fitowa fili: baƙin hayaƙi in ka taka, ƙarfi ya tafi, wani lokaci kwamfutar motar ta ɗaure ta gaba ɗaya, ka taka har ƙasa ta ƙi wuce wani gudu. Direban Sprinter da ya ɗauko fasinja zuwa Techiman ya san wannan baƙin cikin.

Sai dai duk alamomin nan ba na EGR kaɗai ba ne. Filogi da ya gaji, kwayil, tiyon da ya tsage yana shan iska, totur bodi mai datti, injekta mai ɗiga, kowannensu na iya sa mota karkarwa.

Na'ura ta nuna P0401. Ba shi ke nan ba, in sayo sabo?

Alhaji, dakata. A nan mafi yawan kuɗin mutane ke zubewa.

Soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake jona na'ura a ciki, ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma 2001 ga fetur, 2004 ga dizal. Lambobin da ke fitowa ta nan kowacce da maganarta. P0400 na cewa tafiyar hayaƙin ba daidai take ba. P0401, hayaƙin da ke wucewa bai isa ba. P0402, ya yi yawa. P0403 maganar wayoyi ce da wutar da ke tuƙa bawul ɗin. P0404, bawul ɗin bai tsaya inda aka umarce shi ba. P0405 da P0406 kuma sansar da ke faɗin inda bawul ɗin yake ce ke ba da wuta ƙasa ko sama da kima.

Ka lura, babu wadda ta ce "ka sayi bawul." Kwamfutar mota, wadda mu a Magazin muke kira kwantirol bod, ba ta da idon ganin cikin bawul. Umarni take ba shi ya buɗe, sannan ta duba ko wani abu ya sauya: a wasu motoci matsin iskar manifol (bututun da ke raba wa silinda iska) take dubawa, a wasu zafin bututun, a dizal kuma takan duba ko iskar da ke bi ta sansar iska ta ragu. In ba ta ga sauyi ba sai ta rubuta P0401. To bawul na iya buɗewa sarai, amma ramin da ke bayansa ya cushe da kabon, wato daskararriyar kunkunniya, hayaƙi ba shi da hanya. Tsofaffin Honda Accord sun shahara da wannan: ƙananan ramukan cikin manifol ne ke toshewa, bawul ɗin lafiyarsa ƙalau. A Ford masu sansar DPFE, mai auna matsin hayaƙin da ke wucewa, kuwa, sau da yawa ita sansar ce ta mutu, ko 'yan tiyoyinta biyu suka ƙone. Na taɓa karɓar mota da aka sa wa bawul har sau biyu a wata ɗaya, lambar na dawowa. Da muka zura waya a ramin manifol, ko rabin yatsa ba ta shiga ba.

Wani abu kuma: wasu motocin da aka ƙera don kasuwar Japan, irin Vitz, ba kowace ƙaramar na'urar waya ke karanta su ba. In yaro ya jona ya ce "babu komai," alhali fitilar cek injin na ci, a nemi babbar na'ura.

To yaya ake gwada shi kafin a saya?

Iri biyu ne, kowanne da gwajinsa.

Na tsohon yayi da tsotson iska yake aiki. Za ka gan shi da kai kamar faifai, siririn tiyo ya shiga samansa, a ciki akwai fatar roba da ke jan sandar bawul ɗin. Ka bar injin ya yi zafi, yana silo. Ka zare tiyon, ka jona famfon tsotso na hannu, ka ja. In bawul ya buɗe kuma hanya a buɗe take, nan take injin zai sarƙe, ya yi kamar zai mutu, ko ma ya mutu. Wannan shi ne lafiya. In sandar ta motsa amma injin bai ko girgiza ba, hanya ce ta toshe. In famfon ya kasa riƙe tsotson, robar ta yage, wannan bawul ya gama. In duk gwajin ya yi kyau, sai a koma kan solonoyid da tiyoyin da ke kawo tsotson; rana da zafin injin suna busar da su su tsage. Mun taso muna ganin mastocinmu suna tsotsar tiyon da baki. Yana yi, amma ka tabbata tiyo ne mai tsafta.

Na zamani da lantarki yake aiki, da soket a jikinsa. Shi na'ura mai iya ba da umarni ake so: a ce ya buɗe kaɗan-kaɗan, ana kallon abin da aka umarta da abin da sansarsa ke faɗa. In an ce ya buɗe rabi ya tsaya a kwata, ko ya ƙi komawa sifiri, yana maƙalewa. Kafin a yanke masa hukunci a duba fiyus, a duba soket ko ya yi tsatsa ko kore, a auna da mita ko wutar batir na zuwa, da bolt 5 na sansa, da wayar ƙasa. Ɓera ya sha cinye wayar EGR a motar da ke kwana kusa da kasuwa.

Akwai wani gwaji mai sauƙi ga mota mai karkarwa a silo. A yanka siririn faranti a sa tsakanin bawul da manifol na ɗan lokaci, a tayar. In karkarwar ta ɗauke, bawul ne ke yoyo. In tana nan, a bar EGR a nemi ɓarawon a wani gida. Na ce na ɗan lokaci. A cire farantin bayan gwaji.

Me ya sa namu ke saurin toshewa?

Hayaƙi na ɗauke da kunkunniya. Injin kuma yana fitar da tururin baƙin mai da ake mayarwa ta hanyar iska. Inda biyun suka haɗu sai su zama wani baƙin kwaɓi kamar kwalta, ya daskare. Abin da ke ƙara shi duk muna da shi: doguwar tsayuwa a cunkoso daga zagayen Suame zuwa Kejetia, gajerun tafiye-tafiye da injin ba ya samun zafi sosai, jinkirta juyen mai, ringi da ya ci, injekta da ba ta fesa daidai. Sai wata ɗabi'a tamu ta cire tamostat wai don kada mota ta yi zafi. Injin da ba ya kai zafinsa ya fi yin kabon. Da hunturu kuma matatar iska na cika da ƙura, dizal ya rasa iska, hayaƙi ya ƙaru.

Kar a manta motocinmu kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema sun riga sun yi shekaru a wata ƙasa, da kabon ɗinsu suka zo. Shi ma dizal ɗinmu ya daɗe da yawan sulfa. Sai a 2017 Gana ta sauke iyakar wanda ake shigowa da shi daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan. Tasin da aka mayar kan gas kuwa ba kasafai nake ganin EGR ɗinta ya cushe ba, gas ba ya kunkunniya kamar sauran.

A wanke ko a canja?

In datti ne kawai, a wanke. A ciro shi, a fesa maganin wanke kafireta a gefen ƙarfen, a bar shi ya jiƙa, a goge da tsohon buroshin haƙori har sandar ta riƙa shiga da fita ba tirjiya, bakin kuma ya zauna daram a mazauninsa. Gwajin mazauni: a kifa shi a zuba ɗan maganin a ramin, in ya zurare ta ɗaya gefen yana yoyo. Kada magani ya taɓa robar na tsotso, kada kuma a tsoma gefen lantarki a kananzir ko fetur, kamar yadda wasu yara ke jefa shi ɗungurungum a kwano. Ƙona shi da wuta don kabon ya faɗo, wannan kashe bawul ne.

Wankin bawul ba tare da wanke bututu da ramin manifol ba aikin banza ne. Tsohuwar wayar kuloci ko ta burkin keke, a warware bakinta, tana shiga lungun da buroshi ba ya kaiwa. A dizal da ya cushe sosai gara a sauke manifol ɗin gaba ɗaya a wanke a ƙasa, don kada dunƙulen kabon ya faɗa cikin silinda.

A canja idan roba ta yage, ƙaramar motar lantarki da ke juya shi ta ƙone, sansa na ba da ƙarya, haƙoran giyar ciki sun cinye, ko an wanke ya ci gaba da yoyo.

Zan iya canja shi da kaina?

A ƙananan motocin fetur da bawul ɗin ke fili, mai ɗan hannu zai iya. Ka bar injin ya huce sarai, don bututun nan hayaƙi ne ke binsa, yana ƙona fata. Ka cire kan batir na ƙasa. Ka ɗauki hoton wurin da waya kafin ka taɓa komai, saboda tiyoyi. Notocin sun sha zafi da tsatsa, ka fesa musu WD-40 ka ba su lokaci. Yawanci sifana 10 ko 12 ce a motocin Japan, na Turai kuma sukan zo da kan tauraro. In noti ya yi gardama kar ka yi masa ƙarfi, ka ja kaɗan ka mayar kaɗan. Wanda ya karye a cikin kan injin, aikin awa ɗaya ya koma na kwana biyu da mai walda.

Da ka ciro, ka cusa tsumma a ramin kafin ka kankare tsohon gaskit. Ka share hanyar. Ka jera sabo da tsoho ka ga soket da ramuka sun yi daidai. Gaskit sabo za ka sa, ba gam ba. Jan silikon ba ya jure wannan wurin, guntayensa kuma na shiga su hana bawul rufewa. Ka ɗaura notoci da hannu tukuna, sannan ka matse su bi da bi, ba tare da wuce kima ba, jikin alminiyom ne. In bawul ɗin na da tiyoyin ruwa, ka cika ruwan lagireto ka fitar da iska. Ka tuna ka cire tsumman tun kafin ka ɗaura bawul ɗin.

Daga nan a goge lambar da na'ura. Motocin Volkswagen, Mercedes da wasu dizal suna so a koya wa kwamfuta sabon bawul, in ba haka ba fitila za ta dawo. Sannan a fita da ita titi, ba zagayen gareji ba, ko zuwa Ejisu ne a dawo, don kwamfuta ta samu damar gwada shi a tafiya. Sprinter da Hilux dai ka kai wa mai aikin.

Sabo ko hom-yus?

Tsohon na asali da aka ciro daga injin waje sau da yawa ya fi sabon jabu mai kyan kwali. Amma shi ma da dattinsa ya zo, kuma ba ka san me ya sa aka rabu da motar ba. Ka je da naka a hannu, ka dace lambar da ke jikinsa, ba sunan mota kaɗai ba. Mota ɗaya shekara ɗaya tana iya zuwa da bawul daban tsakanin ta Amurka da ta Turai. Ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya: in bai yi ba, za ka dawo da shi. In babu a Magazin, a kira kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Akra, su ɗoro shi a mota. Farashi kuwa da dala yake tafiya, duk sidin (kuɗin Gana) da na faɗa yau gobe ya zama ƙarya.

Masta, me zai hana a toshe shi da faranti kowa ya huta?

Ana yi, ban ce ba a yi. Ni dai ba na so. A injin fetur kwamfuta ta tsara lokacin wuta da sanin cewa hayaƙi na shigowa. Ka toshe, zafi ya hau, ƙarar tsakuwar nan ta fara, a hankali ta ci fistin da gaskit ɗin kai. Fitilar cek injin za ta zauna a kunne har abada, ranar da wata babbar matsala ta zo ba za ka sani ba. A sababbin dizal masu matatar kunkunniya a salansa, kwamfuta na iya ɗaure motar, sai an shiga yi mata kutse, daga nan kuma kowace matsala ta zama duhu.

Gubar nan kuma ba Turai take tafiya ba. A tashar Aboabo take sauka, kan mai koko da ƙosai da yaran makaranta da ke tsaye daidai tsayin salansa. A kan wannan NOx ɗin ne aka kama Volkswagen a Amurka a 2015, suka biya biliyoyin daloli. Direba ya fi kowa shaƙarta, shi ke wuni a layi.

Zan iya ci gaba da aiki da ita haka, zuwa ƙarshen wata?

In fitila ce kawai, motar na tafiya daidai, kwanaki kaɗan ba za su kashe ta ba. In tana mutuwa a mahaɗa, ko tana ƙarar tsakuwa, ko fitilar na ƙyaftawa, ka ajiye ta.

Ruwan lagireto na raguwa, ga farin hayaƙi. An ce gaskit ɗin kai ne.

Wataƙila, amma in dizal ce ko Prius, a duba kular EGR tukuna. Wani ɗan akwati ne da ruwan injin ke zagayawa don ya sanyaya hayaƙin kafin ya koma ciki. In ya tsage, ruwa na bi ta hanyar iska ya fita fari ta salansa, alamun su yi kama da na gaskit sak. A ciro bawul a leƙa: kabon jiƙaƙƙe, ko wuri da ya wanku fes kamar an yi masa tururi, kular ce ta tsage. A toshe bakinta ɗaya, a hura iska a cikin bokitin ruwa kamar yadda mai faci ke gwada tiyub. Sauke kan injin a banza ba ƙaramar asara ba ce. Kar kuma a yi jinkiri, ruwa in ya taru a silinda yana lanƙwasa kwanrod.

Maganin da ake zubawa a tanki yana wanke shi?

Yana iya taimaka wa injekta. Kabon da ya riga ya daskare a bawul sai hannu.

An canja, bayan kwana uku fitila ta dawo. Makaniken ya cuce ni ne?

Ba lallai ba, ɗan'uwa. Ka koma a sake karanta lambar, kar a goge kafin ka gani da idonka. In wata lamba ce daban, wata matsala ce da ke ɓoye a bayan ta farko. In P0401 ce ta dawo, ka tambaye shi ko ya buɗe ramin manifol da bututu, ko kuwa bawul kawai ya kwance ya ɗaura. In P0403 ce, a bi waya tun daga soket har kwantirol bod. In dizal ce, a duba sansar iska, don da ita kwamfuta ke auna aikin EGR, in ta yi datti sai ta ɗora wa bawul laifin da ba nasa ba. Shi ya sa nake ce wa kowa ya karɓi tsohon bawul ɗinsa ya ajiye a but. Sau da dama da muka share hanyar, tsohon muke mayarwa, sabon ya koma shago.